Daga Majigi Zuwa Shaihu Umar: Tarihin Dabarun Ɗaukar Hoto da Tacewa a Fim ɗin Hausa

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan azuzuwan da ake koyar da adabin Hausa, idan aka zo kan fim, ana ɗaukarsa ne tamkar wasan kwaikwayon da aka naɗa a kaset. Malami zai tambayi ɗalibai jigo da warwarar jigo da halayen taurari, daga nan a koma kan ko fim ɗin ya gyara tarbiyya ko ya ɓata ta. Ba a cika tambayar inda aka girke kyamara ba, balle dalilin da ya sa aka yanke hoto a daidai wannan wuri. Alhali kuwa waɗannan abubuwa biyu, wato ɗaukar hoto da tacewa, su ne suka raba fim da wasan dandali, kamar yadda kari da amsa-amo suka raba waƙa da zube. Malamin da ya koyar da waƙa bai taɓo kari ba, kowa zai ce aikinsa bai cika ba, amma ana yi wa fim irin wannan kullum ba wanda ya ɗaga kai.

Wannan takarda za ta bi tarihin dabarun nan biyu a ƙasar Hausa, tun daga zamanin majigin Turawa zuwa fim ɗin bidiyo. Za ta fi tsayawa a kan Shaihu Umar, littafin da wani malamin makaranta ɗan Bauchi ya rubuta, aka kuma mayar da shi fim bayan shekara arba'in da 'yan kai, domin a cikinsa ne ake iya ganin amsar wata tsohuwar da'awa da aka yi game da idon Bahaushe.

2.0 Dokokin Majigi

An fara nuna fim a Nijeriya a ɗakin taro na Glover da ke Legas a watan Agusta na 1903, shekara takwas kacal bayan 'yan'uwan nan biyu, Lumière, sun nuna nasu a birnin Faris. A Arewa kuwa fim ya shigo ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce gidajen silima na 'yan kasuwa, galibinsu Kwarori, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Ta biyu ita ce motar majigi ta gwamnati, wadda ke yawo gari-gari da janareta da farin ƙyalle da lasifika, ta girke a ƙofar fada ko filin makaranta bayan magariba. Kalmar majigi ita kanta ta samo asali ne daga sunan da Ingilishi ke kiran wata tsohuwar fitilar haska hotuna a bango.

Mutumin da ya fi kowa tasiri a kan finafinan da wannan mota ke ɗauke da su shi ne William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Legas, wanda aka ba shugabancin Sashen Fim na Ƙasashen Mallaka lokacin da aka kafa shi a Landan a 1939. Sellers ya yi imani cewa mutumin Afirka da bai yi boko ba ba ya iya karanta hoto mai motsi yadda Bature ke yi, saboda haka sai ya shimfiɗa ƙa'idoji. A tafiyar da fim a hankali, kowane hoto ya daɗe fiye da yadda aka saba. Kada a cika hoto da abubuwa da yawa. A bar kyamara a kafe a daidai tsayin idon mutum, kada a riƙa juya ta, don kada mai kallo ya zaci gidaje ne ke gudu. Idan mutum zai tashi daga zaure ya tafi rijiya, a nuna tashinsa da fitarsa da tafiyarsa da isarsa. Kada a narkar da wani hoto cikin wani, kada kuma a yi waiwaye, wato a bar yau a koma a nuna abin da ya faru jiya. Jami'an sashen sun sha maimaita labarin wani fim na zazzaɓin cizon sauro, inda aka zuƙo sauro har ya cika allo, wai sai masu kallo suka ce ai su nasu sauron ƙanana ne, don haka gargaɗin bai shafe su ba. Da alama bai zo wa jami'an a rai ba cewa mai yiwuwa ba'a ce ake yi musu.

Ya kamata a lura da cewa waɗannan ƙa'idoji duk sun shafi tacewa ne da motsin kyamara, kuma sun hana ainihin abin da masu fim a duniya suka riga suka gano cewa shi ne ƙarfin wannan fasaha. Tun kafin 1920 D. W. Griffith a Amurka ya shahara da saƙa labarai biyu, yana yankawa daga wannan zuwa wancan har su haɗu. A Rasha kuma, wajen 1920, Lev Kuleshov ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa guda ɗaya, ya jera shi da hoton kwanon miya, sannan da na akwatin gawa, sannan da na wata mace. Masu kallo suka ga yunwa a fuskar, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ba ta sauya ba. Wato ma'ana tana fitowa ne daga gamin hoto da hoto. Wannan gamin shi ne aka ce a rage wa mai kallon majigi. Aikin da ya kamata hoto ya yi sai aka miƙa shi ga tafintan da ke riƙe da lasifika, yana bayani da Hausa a kan abin da kowa ke gani da idonsa.

An rufe sashen na Landan a 1955, amma salonsa bai tafi da shi ba, domin gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da yin irin waɗannan finafinai a nata sashen da ke Kaduna. Baban Larai, wanda ya koyar da noman auduga, shi ne ya fi zama a zukatan dattawa. A wannan sashen ne 'yan Arewa na farko suka koyi riƙe kyamara da yankan fim, cikinsu har da Adamu Halilu.

3.0 Abin da Marubutan 1933 Suka Riga Suka Yi

Da'awar Sellers ba ta buƙatar dogon musu idan aka duba abin da ke faruwa a fagen rubutu a daidai wannan lokaci. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙaga labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Uku na farkon duk a kan waiwaye aka gina su: mutum ne ke zaune yau yana ba wasu labarin abin da ya same shi a da. Magana Jari Ce da ya biyo baya ya ma wuce nan, don labari ne cikin labari, aku na buɗe wani kafin mai sauraro ya manta da wanda aka soma. Waɗannan littattafai ana karanta su a bayyane a zaure, mai boko da marar boko na saurare, ba a kuma taɓa jin cewa wani ya ruɗe tsakanin yau da jiya ba. Ko tatsuniyar da tsohuwa ke yi wa jikokinta takan bar Gizo a daji ta koma ta ga abin da Ƙoƙi ke yi a gida.

Abubakar Tafawa Balewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933 ya dawo Bauchi yana koyarwa a makarantar Midil, a wannan shekarar ce kuma ya shiga gasar. Tsarin littafinsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin tamkar an zana shi ne don mai tace fim. Labarin ya buɗe a Rauta, kusa da Bauchi, inda almajirai suka tambayi malaminsu asalinsa. Daga wannan tambaya sai aka koma shekaru masu yawa baya, zuwa Kagara, ga mutuwar mahaifinsa, da auren mahaifiyarsa da Makau, da makircin fada da ya sa aka kori Makau. Daga nan labarin ya rabu biyu. Yaro ya faɗa hannun masu satar mutane, ya ratsa ta Kano, ya ƙetare hamada tare da Balarabe Abdulkarim wanda ya riƙe shi ɗa ya ba shi ilimi. Uwa kuma ta fita nemansa, aka yaudare ta aka bautar, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus. Marubucin yana barin ɗaya ya koma wa ɗaya, har zaren biyu suka haɗu a daidai lokacin da uwar ta zo gargara. Wannan shi ne saƙar da aka yaba wa Griffith, ga ta a rubutun Hausa shekara shida kafin a kafa sashen da ya ce Bahaushe ba zai gane ta ba.

Akwai wani ɗan ƙulli a nan da zai yi wa malami amfani a aji. Shaihu ne ke ba da labari da bakinsa, to ta yaya ya san dalla-dallar wahalar da uwarsa ta sha a wuraren da ba ya nan? A rubuce mai karatu kan wuce wannan ba tare da ya damu ba. A fim kuwa dole darakta ya yanke shawara: idon wa kyamara take wakilta, na Shaihu mai tunawa, ko na wani mai gani daga sama wanda ya san komai? Tambayar mahangar mai ba da labari, wadda ɗalibai ke shan wuya da ita a darasin zube, a nan tana fitowa fili.

4.0 Fim ɗin 1976

Umaru Ladan da Dexter Lyndersay ne suka fara mayar da littafin wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, Adamu Halilu ya mayar da shi fim mai launi a kan zare mai faɗin milimita 35, da kuɗin gwamnatin tarayya, domin bikin FESTAC na 1977. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu, kuma tsawon fim ɗin ya kai minti 142. Halilu, wanda aka haifa a Garkiɗa a 1936, ya fito ne daga makarantar majigi, ya kuma yi finafinan wayar da kai masu yawa, irin su Mama Learns a Lesson na 1963. Duk da haka bai miƙar da labarin ya soma daga haihuwar yaro ba, kamar yadda ƙa'idar da aka rene shi a kanta za ta so. Ya buɗe da malami da almajiransa, aka yi tambaya, sannan hoto ya koma baya. Wato fim ɗin gaba ɗayansa waiwaye ne guda mai tsawon fiye da awa biyu. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba a yankin, don a Nijar ma Oumarou Ganda ya gina Cabascabo na 1969 a kan tunanin wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indocina.

Yana da kyau ɗalibi ya san nauyin kayan aikin wancan zamani, domin shi ne ke bayyana horon da ke cikin hotunan. Fim na silima yana tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, kuma naɗi mai tsawon ƙafa 1,000 na milimita 35 minti 11 kawai yake ɗauka. Ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke, wankin kuma a lokacin galibi sai an kai Ingila. Ba a goge zare a sake amfani da shi. Saboda haka kafin a kunna kyamara sai an riga an san ko hoton nesa ake so, wanda zai nuna ƙanƙantar ayari a tsakiyar rairayi, ko hoton kusa, wanda zai nuna fuskar uwa ita kaɗai. Mai tacewa kuma da hannu yake yanka zaren ya liƙa.

Bayan wannan Halilu ya yi Kanta of Kebbi, ya kuma shugabanci Hukumar Fim ta Nijeriya da aka kafa a 1979, mai hedkwata a Jos. Finafinan Hausa na silima da suka biyo baya 'yan kaɗan ne. Akwai Ƙasarmu Ce na 1991, wanda Saddik Balewa, ɗan marubucin Shaihu Umar, ya ba da umarni, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sayen zare da wanke shi a waje ya fi ƙarfin kowa. Shi kansa Shaihu Umar ya ɓace daga idon jama'a na shekaru masu yawa, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano asalin zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fim, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka sake nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

5.0 Zamanin Kaset

Fim ɗin bidiyo, wanda ake ƙirga farkonsa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano a 1990, bai gaji Halilu ba. Iyayensa biyu ne: wasan kwaikwayon talabijin irin su Samanja da Karkuzu, da kuma fim ɗin Indiya da aka daɗe ana kallo a silima. Daga talabijin ya ɗauko ɗabi'ar girke kyamara a gefe guda a bar 'yan wasa su yi ta magana. Kaset ɗin VHS guda yana ɗaukar awa uku, yana da araha, ana kuma iya gogewa, don haka dalilin tsimin hoto ya kau. Tacewa a farkon lamari da na'urar bidiyo biyu ake yi, ana kwafa daga wannan zuwa waccan bi da bi. Duk kwafi hoto na raguwa, kuma idan aka yi kuskure a tsakiya sai a sake daga nan har ƙarshe. Mai irin wannan aiki ba zai so yawan yanka ba.

A nan ne aka sami fitowar da duk mai kallon finafinan wancan lokaci ya sani. Mota ta doso wani katafaren gida irin na GRA, ta yi oda, maigadi ya fito da gudu ya buɗe ƙofa, mota ta shiga ta tsaya, Alhaji ya fito ya gyara babbar riga, ya taka har falo. Minti biyu ko uku sun tafi, labari bai motsa ba. Wanda ya san tarihi zai ga kamar Sellers ne ya dawo, tunda an nuna tashi da tafiya da isa. Sai dai dalilin ya bambanta. 'Yan kasuwa na son a raba fim kashi na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku, don haka tsawo kuɗi ne. Bugu da ƙari, gidan da motar su ne abin da ake son a gani. Unguwar da asalinta aka keɓe wa Turawan mulki, a Bauchi da Kano da Kaduna, ta zama alamar arziki a idon kyamara, har ana durƙusar da kyamarar a ɗauko ginin daga ƙasa don ya ƙara girma. Wannan durƙuson ma dabara ce, ko da mai yin ta bai san sunanta ba.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora kowace doguwar fitowa a kan rashin gwaninta. Gaisuwa misali ce. Littattafan koyar da tacewa na Turai suna cewa a shiga fitowa a makare a fita da wuri, wato a zubar da sallama da ban kwana. Amma a rayuwar Bahaushe, wanda ya fara gaisuwa, da wanda ya durƙusa, da wanda ya amsa a taƙaice, duk labari ne. Editan da ya yanke gaisuwar suruki da surukarsa ya yanke rabin ma'anar fitowar. Haka nan kunya. Tun da al'ada, daga baya kuma Hukumar Tace Finafinai ta Kano da aka kafa a 2001, ba su yarda namiji da mace su taɓa juna ba, sai soyayya ta koma cikin yanka: fuskarsa, sannan fuskarta tana sunkuyar da kai, sannan tasa kuma. Gwajin Kuleshov ke nan ake maimaitawa kullum. A fagen waƙa da rawa kuwa, musamman bayan Sangaya na 1999, tacewa ta yi saurin da ba ta yi a sauran jikin fim. Ana yanka bisa bugun kiɗa, taurari na sauya tufafi da wuri tsakanin baiti da baiti, daga lambu zuwa bakin ruwa, kuma 'yar ƙauyen da ba ta taɓa shiga aji ba ta san sarai cewa mafarki ne ko bege ake nuna mata.

Shigowar tacewa da kwamfuta da kyamarar dijital ta sauƙaƙa yanka ƙwarai. Shirye-shirye masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da Labarina na Aminu Saira, sun saba wa masu kallo da saƙar labarai huɗu ko biyar a lokaci guda, da yanke shiri a daidai inda rai ya rataya.

6.0 Abin da Ya Rage wa Masu Tsara Manhaja

Nazarin fim ɗin Hausa a jami'o'i ya yi nisa tun bayan taron da aka yi a Kano a 2003, wanda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril suka tattara takardunsa suka buga a 2004. Gibin da ya fi fitowa fili a matakin sakandare da kwalejojin ilimi shi ne na kalmomi. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya tanadi na harshe da adabi da dabarun koyarwa. Fim na buƙatar irin wannan hidima. Masu sana'ar suna da nasu kalmomi, wasu na aro kamar lokeshin da darakta, wasu na gida kamar fitowa da zuƙowa, kuma daga bakinsu ya kamata a fara tattarawa kafin a zauna ƙirƙira. Akwai ma rikicin da ya kamata a warware tun da wuri: kalmar tacewa tana nufin aikin edita, tana kuma nufin aikin hukumar da ke hana fim fita, har ɗalibi kan ɗauka edita ɗan sandan tarbiyya ne.

Darasin kansa ba ya buƙatar kayan tsada. Malami a wata sakandare a GRA ta Bauchi yana cikin garin da kabarin marubucin yake, Jos kuma, inda Hukumar Fim da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa suke, tafiyar kilomita 130 ce ko kusa da haka. Zai iya ba ɗalibai shafin da almajirai suka yi wa Shaihu tambaya, ya ce kowane rukuni ya zana hotuna shida da za su ɗauke mai kallo daga zauren Rauta zuwa Kagara ba tare da an rubuta komai a allo ba. Wani rukuni zai zuƙo fuskar Shaihu ya narkar da ita cikin ta jariri, wani zai bar muryarsa ta ci gaba a kan hoton wani gari daban, wani zai yanke kai tsaye. Daga nan su ɗauka da wayar hannu, a kalla tare, kowane rukuni ya kare zaɓinsa. Abin da ya rage shi ne kwafin fim ɗin Halilu da za a gwada aikinsu da shi, kuma wannan magana ce da ma'aikatun ilimi na jihohi za su tayar da Hukumar Fim, domin a sami izinin nuna gyararren kwafin a makarantu.